Jajayen Dogarai a Jinin Malam

Da ƙaiƙayi abin ya fara, ƙaiƙayi kuwa wa ya taɓa ɗaukarsa ciwo? Ƙarshen zamanin Turawa ne, muna zaune a Kazaure cikin wani gida da ya jingina da dutse, ni da maigidana da yaranmu ƙanana. Malamin dabbobi ne na En'e. Aikinsa bin rugage a kan keke, yau Roni gobe Gwiwa, yana yi wa shanu allura, wadda ya ga ta rame kuma ya ɗebi jininta a ɗan gilashi a kai Kano a duba. A wannan yawon ya gan ni a rugar mahaifina. Ya zo don shanu ya koma da mata, haka yake faɗa in yana son ya tsokane ni. Malam nake ce masa, shi kuma 'Yar Fillo yake kirana.

Ranar da ya fara susa na ɗauka kaska ya kwaso a cikin garke. Na bi rigunansa ɗinki-ɗinki, na shanya shimfiɗa a rana, ban ga ko kuɗin cizo ba. Jikin nan sumul, babu ƙurji ko ɗaya, sai sawun farcensa. Na shafa masa man shanu, na shafa man kaɗanya, na dafa ganyen da na sani ya yi wanka, duk a banza. Mutum yana cikin magana sai ka ga ya jingina da bango yana goga baya kamar bijimi a jikin kututture. Da farko dariya muke yi. Bazara ta wuce, damina ta sauka, gari ya yi sanyi, amma kullum da safe sai na matse zanen gadonsa saboda zufa, a nan dariyar ta ƙare. Zazzaɓi ya zo ya yi kwanaki ya tafi, mu ce alhamdu lillahi, ya sake dawowa. Wandon da ya ɗinka da sallah kuwa kullum sai ya ƙara jan mazagi.

A lokacin akwai wani likita Bature da ke zuwa rangadi daga Kano zuwa ɗakin magani na garinmu. Malam ya je wurinsa. Ya ƙwanƙwasa masa ƙirji, ya latsa ciki, ya huda masa yatsa ya shafa jinin a gilashi ya tafi da shi. Da ya zagayo rangadi na gaba, Malam ya dawo gida da fara'a, ya zauna a bakin madafa yana yi mini bayani, don abin ya shafi sana'arsa kuma yana son a san ya sani.

Ya ce, "'Yar Fillo, kin san jini ba ruwa ne zalla ba. Akwai 'yan ƙwayoyi a ciki, jajaye da farare. Fararen su ne masu tsaron jiki. To a cikinsu akwai wani iri, in aka ɗiga wa gilashin rini aka duba a madubin likita, sai a gan su da ɗigo-ɗigon ja kamar an sa musu rigar dogarai. A jinin mai lafiya ba su da yawa. Ni kuwa likita ya ce nawa sun cika gari."

Na ce, "Su kuma me suka fito nema?"

Ya ce, "Tsutsa, yawanci. In tsutsa ta shiga jiki su suke fitowa. Ni da nake kutsawa cikin tabkuna da burtali, ai ba abin mamaki ba ne. Za a ba ni magani, ki kwantar da hankalinki."

Ya faɗi sunansu da Turanci, wai iyosinofil. Na ce ya riƙe kayansa, dogaran sun ishe ni.

Aka ba shi maganin tsutsa, mai ɗacin da ko akuya ba za ta lasa ba. Ya sha, babu abin da ya fito. Aka duba bayan gidansa, aka sake dubawa, babu komai. Aka duba fitsari ko tsargiya ce, babu. Aka ɗan yanki fatar ƙafarsa kamar ƙwayar gero aka duba, ita ma babu. Aka canza magani, aka sake huda yatsa, dogaran nan maimakon su koma gida sai ƙaruwa suke yi. Ni dai tun a nan na fara zargin likitan. Mutum yana ramewa a idonka, kai kuma kullum kana tatsar jininsa kana tafiya da shi birni, me kake yi da shi? Na faɗa wa Malam, ya yi dariya ya ce jinin da ake ɗiba ko sauro ba zai ƙoshi da shi ba. Sai wata rana ya dawo babu fara'ar. Ya ce likita ya cire tabarau ya murza ido ya ce masa bai sani ba. Jikin yana faɗa da wani abu, amma shi bai ga abin ba.

Bature ya ce bai sani ba! Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa, kafin ranar kasuwa ta isa Babura.

A Babura yayar Malam take aure. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka uwar miji ce a wurina, har da ɗoriya. Danginsu mutanen fada ne, malaman hakimai da magatakarda, kuma tun ranar da aka kawo ni ba ta yafe masa tsallake 'yan matan gari da ya yi ya ɗauko mai tallan nono ba. Ni kuwa ban taɓa ɗora ƙwarya na shiga garinsu ba, amma ina ruwan Yaya. Ta sauka da kayanta a ƙunshe, irin na wanda ba gobe zai koma ba. Da ta ga ƙaninta ta fashe da kuka har maƙwabta suka leƙo. Shi kuma, don ya kwantar mata da hankali, ya ɗauko mata labarin dogarai kamar yadda ya ba ni. Da ya sani da ya yi shiru.

Ta share hawaye ta ce, "Dogarai sun cika gari, an duba daji ba a ga ɓarawo ba? Ai ruwa ba ya tsami banza. In an rasa ɓarawo a waje, sai a duba cikin gida."

Ina durƙushe ina ajiye mata ruwa ta faɗi haka. Ba ta kalle ni ba, ruwan ta kalla, kuma har ta tashi ba ta sha ba.

A nan tarbiyyar gidanmu ta ja mini. A ruga mace ba ta nuna damuwarta da miji a gaban danginsa. Ba ta zama kusa da shi, ba ta tambayar jikinsa ana ji, ba ta zubar da hawaye ko da zuciyarta tana ci da wuta. Ranar da bijimi ya soki mahaifina a cinya, Innata tana kaɗa nono, ba ta ɗaga kai ba sai da mutane suka watse, kuma har na yi aure ana yabonta a kan wannan. Da haka na tashi, ban san wata hanya ba. Saboda haka in 'yan dubiya suka cika ɗakin Malam, ni ina madafa. Matan dangi su shigo suna wayyo ɗan'uwa, suna fyace hanci, su leƙo su same ni ina tankaɗe, fuska a bushe. Su ce, "Yaya mai jiki?" In ce, "Da sauƙi," in ci gaba da aikina. Ni a ganina mutunci nake yi wa gidan. Ashe su shaida suke tarawa.

Girki aka fara karɓewa. Yaya ta ce, "Ki huta, yarinya, kin sha wahala. Abincinsa ni zan riƙa yi." Da murmushi ta faɗa, irin murmushin da gara a zage ka. Ta sa aka sayo sabuwar tukunya, ta kafa murhunta a ɗaya gefen tsakar gida, ta sa randarta daban ta rufe da faifai ta ɗora dutse. In ta shiga kewaye sai ta kira wata 'yar'uwarsu ta tsaya a kan tukunyar. A gidana! Rannan na yi kunun tsamiya na aika masa da shi, don na san yana so. Ina leƙe ta jikin zana na ga ta karɓa a ƙofar ɗaki, ta zuba kaɗan a kasko ta kira kaji. Ta tsaya tana kallonsu har suka shanye suka koma tonon ƙasa. Kaji lafiya lau, amma kunun bai shiga ɗakin ba.

Sai kuma na dawo daga gidan suna na tarar an taɓa mini kaya. Ba a watsa su ba, an mayar da komai wurinsa, amma mace ta san yadda ta jera ƙorenta. Abin da ya ɓata ƙunshin sassaƙe ne da Innata ta aiko mini daga ruga, na wanka saboda ƙaiƙayin. Da yamma na ji Yaya a bayan rumbu tana yi wa matan dangi bayani, murya ƙasa-ƙasa amma ba ƙasan da zai hana ni ji ba. Ba ta ce kashe shi nake so in yi ba, ba zan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Cewa ta yi mallaka na ba shi don kada ya ƙara aure, maganin ya yi yawa ya juya yana cin jikinsa. Wai ina aka taɓa ganin ma'aikacin En'e mai keke da albashi ya zauna da mace ɗaya in ba an dafa shi ba? Wai ku dubi idonta, miji yana narkewa ko ɗigo ɗaya. Wai Fulani, hmm.

Ai kuwa ranar fillancin ya tafi kiwo. Na zagaya bayan rumbun na tsaya a kansu. Na ce, "Yaya, sassaƙen da kika ɗauka na wanka ne, in kina so ki jiƙa in shanye a gabanki. In bai isa ba a ɗauko Alƙur'ani, in yi alwala in dafa. In na taɓa sa wa ƙaninki wani abu a ci ko a sha, kada Allah ya kai ni gobe."

Ta ce, "Au, laɓe kike mana? To a ɗauko mana. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi."

Hayaniyar ta fito da Malam, yana dafe da ƙofa. Bai ɗaga murya ba, ba shi da ƙarfin ma. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ba a rantsar da matata a gidana." Ya juya ya koma ciki.

Na ji daɗi har cikin ƙashina, na koma madafa ina jin kamar an ɗora mini rawani. Amma daɗin bai kai magariba ba. Ina tuƙa tuwon yara sai wani tunani ya faɗo mini: don ya yarda da ni ya hana, ko kuwa tsoro yake kada in rantse a kan ƙarya Alƙur'ani ya ci ni? Wanda yake son mace ai zai iya kare ta ko da yana ganin ta yi. Na juya maganar ta nan, na juya ta can, duk ɓangaren biyu ta zauna daram. Kuma ba halin in tambaye shi, don kullum Yaya tana ɗakin ko tana bakin ƙofa.

Daga nan gidan ya koma gidan sa ido. Yaya tana kallon hannuna, ni ina kallon nata. Eh, ni ma na zarge ta, don me ba zan zarge ta ba? Rubutun sha da take kawowa kwano-kwano daga wani malaminta, da hayaƙin da take turnuƙe masa ɗaki da shi yana tari, wa ya duba su? Wa ya ba kaji? Maƙwabciyar da muke aron turmi da ita ta daina karɓar gishirina. In na aiki yarana gidan dangi da abinci, kwanon yakan dawo a wanke tas da wuri, na san inda aka zuba. Ni kuma duk wanda ya shigo dubiya sai in bi bakinsa da kallo in ga me zai raɗa. Har likitan ban sake shi ba, ina cewa a raina ya san abin, ɓoyewa yake yi.

Sai Yaya ta fito da abin da take nufi. Ta samu Malam ta ce a ba ni hutu in tafi ruga sai ya warke, yaran kuma su zauna a wurinta. Ta ce in jikin ya yi sauƙi bayan na tafi, to an gane. Na san irin wannan hutun. Zazzaɓinsa dama zuwa yake yana tafiya, in ya lafa bayan tafiyata an kama ni, in ya tsananta a ce na bar abin a binne. Ko ta ina ba ni da hanyar dawowa. Malam ya ce zai yi tunani. Bai ce a'a ba, kuma wannan tunanin nasa ya hana ni cin abinci.

Wata rana da hantsi Yaya ta tafi gaisuwar rasuwa, mai tsaron tukunyarta kuma ta zame gidan kitso. Na dama fura da kindirmo yadda yake so, ba ruwa-ruwa ba, na shiga ɗakin da kaina. Rabona da in zauna kusa da shi har na manta. Ya rame, idanun sun yi zuru-zuru, hannayen duk sawun susa. Ya yi murmushi ya ce, "'Yar Fillo, yau an sake ki?" Na miƙa masa ƙwaryar. Ya karɓi ludayi, ya ɗebo, ya kawo kusa da baki, sai hannun ya tsaya. Ba wani dogon tsayi ba, kamar ƙiftawar ido. Sannan ya kurɓa, ya ƙara kaɗan, ya ajiye. Ya ce, "Ta yi daɗi. Ba na jin cin komai ne." Gaskiya ya faɗa, tuwon Yaya ma haka yake barinsa. Amma ni na ga tsayawar hannun nan, kuma na kasa sanin ko tashin zuciya ne ko ni ce. Na ɗauki ƙwaryata na fita, raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa yi da shi ba.

Ana cikin haka na lura da wani abu. In yana zaune a inuwa shi kaɗai, sai ya kai yatsu gefen wuyansa, saman ƙashin kafaɗa, yana latsawa a hankali yana murzawa. Na san wannan taɓin. Haka yake taɓa gaban kafaɗar saniya in yana neman kumburi. Kwanaki yana yi bai gaya wa kowa ba. Rannan ya kira mu, ni da Yaya, ya ja wuyan riga. Kaluluwa ce ta fito, kamar goro, ga wata ƙarama kusa da ita. Ya ce ba ta zafi, kuma rashin zafin ne bai yi masa daɗi ba. Da likita ya zo ya taɓa wurin, ya taɓa hammata, sai ya ce lalle a je Kano.

Yaya ta ce ita za ta raka shi, ni in zauna. Malam ya ce da ni za a tafi. Ta ce to da ita ma. Haka muka hau babbar mota mu uku, shi a gaba kusa da direba, mu a baya kan buhunan gyaɗa, gwiwata tana gugar tata, har Kano ba wadda ta ce wa wata sannu.

A asibitin birni suka ce za su ɗan tsaga wuyan su ciro kaluluwa ɗaya, a sa a kwalba a aika Ikko, can ne ake da masu yanka ta siriri su duba. Yaya ta yi tsalle ta dire, ta ce ba a sa wa kumburi ƙarfe, kuma me Turawa za su yi da naman ɗan'uwanta a bakin teku? A karo na farko na ji bakinmu ya zo ɗaya, don ni ma abin da ke raina ke nan. Amma na yi gum. In na ce kada a yanka, a ce ina tsoron a gano. In na ce a yanka, a ce ina son a ƙarasa shi. Malam ya ce a yanka. Aka ciro, aka ɗinke, muka kwana biyu muka dawo gida jira.

Ba zan ɓoye irin addu'ar da na riƙa yi a wannan jiran ba. Allah ka sa su samu suna. Ko mene ne, ka sa ya kasance abu mai suna, wanda Bature zai nuna da yatsa ya ce ga shi. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙazafi ya san wannan addu'ar. A tunanina duk ciwon da aka san sunansa an san maganinsa, haka na ga ana yi da shanu. Yaya kuma ta ɗaga maganar hutuna zuwa ranar da sakamako zai zo, ta ce in Ikko ma ba su ga komai ba, to magana ta ƙare, in haɗa kayana.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da likita ya zo rangadi ya aiko a kira Malam. Aka kai shi a kan jaki, don keken ya fi ƙarfinsa. Bai daɗe ba ya dawo. Ya ce a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya ce Yaya ta zauna, ni ma in zauna, a nan kusa, ba can bakin madafa ba.

Ya ce, "An gano. Ba tsutsa ba ce. Ciwon daji ne, irin wanda ke kama kaluluwa, su suna ce masa limfoma. Tun farko shi ne. Shi ya kawo ƙaiƙayin da zufar da zazzaɓin, shi ya hargitsa jinin, sai dai yana can ciki inda hannu ba ya kai wa, sai yanzu ya leƙo wuya. Likita ya ce wani lokaci haka yake yi, jini ya riga shi nunawa." Ya juya ya dubi yayarsa. "Na tambaye shi ko ci ake yi, ko sha, ko wani ke sa wa mutum. Ya ce babu ko ɗaya. Daga jikina ya taso. Yaya, kin ji? Babu hannun kowa."

Wani sanyi ya sauko mini tun daga ka har tafin ƙafa. Na ɗago kai na dubi Yaya ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Ita ba ni take kallo ba. Ta ce, "To sai magani. Yaushe za a fara?"

Ya gyara bakin tabarma. Ya ce akwai wata allura a Kano da ke sa kumburin ya saɓe, mutum ya samu sauƙi na wani lokaci. Ta ce, "Sannan?" Ya ce sannan ya dawo. Ta ce, "Sai a sake." Ya ce ana sakewa, har ranar da allurar za ta daina ci. Ya ce likitan bai yi masa rufa-rufa ba, shi ma ba zai yi mana ba, sauran kuma na Allah ne.

Sanyin nan da na ji bai bar jikina ba, sai dai ya zama wani iri. Na samu sunan da na roƙa. Babu mai kora ta ruga, babu mai raba ni da yarana, kuma mijina zai mutu.

Ya yi watanni bayan nan, an yi allurar, ya ɗan tashi har ya zaga kasuwa, sannan ya kwanta kwanciyar da bai tashi ba. Amma abin da ya fi zauna mini ya faru ne 'yan kwanaki kaɗan bayan zuwan sakamakon. Yaya ta daina magana, ta daina habaici, ta daina tsaron komai. Da azahar, gida ya yi tsit, Malam ya samu barci, ina bakin rijiya ina wankin kayan yara, sai na ji mutum a bayana. Na juya na ga Yaya. Kafin in miƙe ta zube a ƙasa, gwiwa biyu, cikin caɓin ruwan wanki, matar da malaman hakimai ke gaishe ta a tsugune. Ta kama ƙafata.

Na ce, "Subhanallahi, Yaya, tashi! Wani zai shigo."

Ta ce, "Ƙanwata, ki ji ni. Ba wanda zai sani. Na rantse da Allah ko shi ba zan gaya wa ba. In ke ce, ki karya. Ba zan tambaye ki dalili ba, ba zan ƙi ki ba, ni zan raka ki wurin wanda ya haɗa miki ko a ina yake. Sammu ana karya shi. Don girman Allah ki ce ke ce."

Na tsaya da rigar yaro a hannu tana ɗiga. Duk zagin da na tanada mata tun ranar da ta sauka a gidan, na neme shi na rasa. Wallahi a wannan lokacin da ana sayen laifi da na saya. Na so a ce akwai wata laya da na binne a gindin murhu, in tono ta yanzu a gabanta, a yi mini duk abin da za a yi, ya tashi.

Na ce, "Yaya, da ni ce da ban bari ya kai haka ba. Ba ni ba ce."

Ta saki ƙafata, ta zauna dirshan a cikin caɓin. Ta ce, "Na sani. Na daɗe da sani. Amma in ba ke ba ce, wa zan roƙa?"

Na ajiye rigar, na kama ta na ɗaga, ta yi mini nauyi, sai da na sa hannu biyu.